Change.org: Yana Tara Sunaye, Amma Wa Zai Kai Takardar?

Idan tambayar ita ce ko Change.org yana yin aikin da ya ce zai yi, to yana yi. Ka shiga shafin, ka rubuta kokenka, ka ambaci wanda kake so ya saurara, ka ɗora hoto, nan take ka samu adireshin da za ka tura wa jama'a su sa hannu. Buɗe koke kyauta ne, sa hannu ma kyauta ne. Ben Rattray ne ya kafa shi a Amurka a 2007, kuma a yau ba ni da labarin wani shafin koke da ya kai shi suna. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: shin sunayen da aka tara suna motsa mutumin da aka rubuta kokon dominsa?

Ni ce sakatariyar kwamitin iyayen yara a wata makarantar firamare da ke bakin babban titi. Babu zanen tsallakawa a gaban ƙofar, babu tudun da ke tilasta wa direba rage gudu, kuma lokacin tashi yara kan watsu cikin motoci sai dai mutum ya kau da kai. Mun daɗe muna maganar a taro, kowa ya yi tsaki a watse. Wani matashi cikin iyayen ne ya kawo shawarar a buɗe koke a intanet, aka ɗora mini rubutawa.

Abin da ya fi amfanar mu a shafin gaba ɗaya wani ɗan gurbi ne da ke tambayar wanda ke da ikon yanke hukunci a kan abin da kake nema. Nan muka cije. Shekara da shekaru muna cewa "hukuma ta yi wani abu", ashe babu ɗaya daga cikinmu da ya san takamaimai ofishin da titin yake ƙarƙashinsa. Shugabar makaranta ta ce ikonta a bakin ƙofa ya tsaya. Masu kula da zirga-zirga suka ce su tsare doka suke yi, ba sa fenti. Sai da muka bi ofis-ofis kafin muka gano sashen da ke da alhakin titin da kuma muƙamin mutumin da ke sa hannu a kan irin wannan aiki. Tun ba a samu sa hannu ko ɗaya ba, kwamitinmu ya riga ya canza: daga masu gunaguni mun koma masu buƙata guda ɗaya da ƙofa guda ɗaya da za mu ƙwanƙwasa. Wannan kaɗai ya isa in yaba wa wanda ya tsara gurbin.

Na biyu, wurin da mai sa hannu ke rubuta dalilinsa. Yawanci addu'a ce da fatan alheri, ba laifi. Amma wani direban haya da ke bin titin kullum ya rubuta cewa ba gudu ne babbar matsalar ba. Ya ce motocin iyayen da ke tsayawa daf da ƙofa su ke kare masa yaran, sai dai kawai ya ga yaro ya ɓullo daga tsakanin motoci biyu. Wato mu masu koken muna cikin masu laifin. Maganar ta yi wa wasunmu zafi, amma ita ta sa muka ƙara neman a hana tsayawa a bakin ƙofa, muka kuma fara da kanmu. Da a taron iyaye ne, wannan direba ba zai taɓa zuwa ba.

Sauran kayan aikin suna nan daidai gwargwado. Kana iya aika wa masu sa hannu sabon bayani, kana iya sauke jerin sunayen ka buga a takarda, mai jin tsoro kuma yana iya ɓoye sunansa daga idon jama'a. A waya yana buɗewa lafiya.

Inda nake da ja da tsarin shi ne jerin sunayen nan. Za ka ga suna, gari, ƙasa da ranar sa hannu. Ba za ka ga adireshin imel ba, balle lambar waya. Na fahimci dalilin, kuma ni ma ba zan so a miƙa adireshina ga duk wanda ya buɗe koke ba. Sai dai jagorancin al'umma da kira yake tafiya. Kana bukatar ka ce wa mutum, "Ranar Talata da safe za mu je, za ka samu zuwa?" ka ji amsarsa da kunnenka, ka san ko da gaske yake. A Change.org kana iya yi wa taro magana, amma ba ka iya jan mutum ɗaya gefe. Igiyar da ta haɗa ka da mutanenka tana hannun shafin.

Sannan kowa daga ko'ina yana iya sa hannu. Ga koke a kan babban kamfani wannan ƙarfi ne, domin masu sayen kayansa a warwatse suke. Ga titin gaban makaranta kuwa rauni ne. 'Yan'uwa da abokan arziki na nesa suka yi ta sa hannu don kara, lambar da ke saman shafin tana hawa, muna ta murna. Ranar da muka kai takardun, jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya lashi yatsa yana buɗe shafi bayan shafi, yana bin layin garuruwa da bayan biro. Can ya ɗago ya ce, "Malama, cikin waɗannan, nawa ne 'ya'yansu ke tsallaka titin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ga wata takardar." Ita ce ta fid da mu kunya.

Wannan takarda ta biyu ba ta da alaƙa da intanet. Wata dattijuwa ce da ke rako jikokinta kullum, ba ta da imel, ba ta kuma da niyyar yi. Da aka bayyana mata abin da ake ciki, sai ta ce a ba ta takarda da biro. Ta tsaya a bakin ƙofa safe da rana, ta bi gidajen da ta sani, duk wanda ya rubuta suna sai ta sa ya ƙara lambar waya da ajin ɗansa. Wanda ya ce yana sauri, ta ce masa ita ma saurin take yi. Daga wannan jerin muka samu iyayen da suka yarda su riƙa tsayawa bi da bi suna tsallakar da yara, daga shi kuma muka samu waɗanda suka cika ofishin jami'in har wasu suka tsaya a baranda. Sunayenta ba su kai na shafin yawa ba, ko kusa, amma kowane suna yana da ƙafa.

Kada a ce na raina koken intanet, domin akwai inda ya yi aiki a idon duniya. A 2011 Bank of America ya sanar cewa zai riƙa cirar dala 5 duk wata daga masu amfani da katin cirar kuɗi. Molly Katchpole, 'yar shekara 22, ta buɗe koke a Change.org, mutum fiye da 300,000 suka sa hannu, a farkon Nuwamban shekarar bankin ya janye. Amma a duba abin da ke kewaye da koken. Ita da kanta ta rufe asusunta, 'yan jarida suka ɗauki labarin, mutane suka fara kwashe kuɗinsu zuwa wasu wurare. Banki ya ga asara tana tahowa. Sa hannun ya nuna masa girman fushin, ficewar masu ajiya ce ta sa fushin ya zama abin tsoro.

Koken neman adalci ga George Floyd, wanda ɗan sanda ya kashe a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, ya tara sa hannu fiye da miliyan 19, abin da shafin bai taɓa gani ba. An samu ɗan sandan, Derek Chauvin, da laifin kisa a Afrilun 2021. Sai dai babu mai gaskiyar da zai ce koken ne ya yi wannan shi kaɗai, alhali ga bidiyon da wata yarinya ta ɗauka da wayarta, ga kuma jama'ar da suka cika tituna makonni. A Birtaniya ma, inda majalisa ke da nata shafin koke mai ƙa'ida, sa hannu 10,000 na jawo amsar gwamnati, 100,000 kuma na sa a duba yiwuwar muhawara, koken 2019 na neman a fasa ficewa daga Tarayyar Turai ya haura miliyan 6. An yi muhawarar, gwamnati ta ce a'a, ƙasar ta fice a Janairun 2020. Nan akwai abin lura ga mai zaɓen inda zai kai kokensa: Change.org kamfani ne, babu dokar da ta tilasta wa kowa amsa abin da aka tara a cikinsa.

Duk lokacin da lambar da ke saman shafi ta fara ruɗa ta, birnin Montgomery na Amurka nake tunawa. A can aka kama Rosa Parks, wata baƙar fata da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujera a bas, ranar 1 ga Disamba 1955. A daren nan Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar mata baƙaƙen fata, ta buga dubun-dubatar takardun kira a ƙaurace wa bas, aka raba su hannu da hannu. Baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin bas kwana 381. Abin da ya riƙe su tsawon wannan lokaci shi ne tsarin da suka yi na ɗaukar juna a motoci, da tarukan coci, da mutanen da suka san wa zai ɗauki wa da ƙarfe nawa. Irin wannan aiki ne babu shafin da zai yi maka.

Saura maganar kuɗi, wadda ya kamata duk mai tura wa mutane adireshin koke ya sani. Bayan ka sa hannu, shafin zai nemi ka ba da wani abu don a yaɗa koken. Kuɗin ba ya zuwa ga wanda ya buɗe koken ko waɗanda abin ya shafa. Change.org yake zuwa, shi kuma ya nuna koken ga ƙarin mutane. An rubuta haka a wurin, amma mai sauri da zuciya a sama ba lalle ya karanta ba. A 2020 tsofaffin ma'aikatan kamfanin da dama sun fito fili sun soki yadda aka karɓi irin wannan kuɗi a kan koken Floyd. A 2021 mallakar kamfanin ta koma hannun wata gidauniya da ba ta neman riba. Ni dai a saƙon da na tura wa iyaye na rubuta ƙarara cewa sa hannu kawai muke so, kwamiti ba ya karɓar komai ta wannan hanya.

Wa zan ba shawarar ya yi amfani da shi? Wanda abokin jayayyarsa ke tsoron ɓacin suna, kamar kamfani ko wata babbar cibiya, da wanda yake so ɗan jarida ya ga cewa ba shi kaɗai ke magana ba. Mai neman gyara a kusa da shi ma ya buɗe, ko don gurbin nan da zai tilasta masa gano ƙofar da ta dace, amma ya riƙe takarda da biro a ɗaya hannun, ya kuma rubuta ranar taro da wurinsa a cikin kowane sabon bayani da zai aika.

Namu titin an yi masa zanen tsallakawa, an kafa allon hana tsayawa a bakin ƙofa. Tudun rage gudu an ce sai sabon kasafi. Shafin yana da maɓallin da ake dannawa a ayyana nasara, matashin da ya kawo shawarar ya matsa a danna, kwamiti ya ƙi, domin buƙata uku muka rubuta, biyu aka yi. Koken yana nan a buɗe, kuma an sa ni in sake rubuta wa jami'in wasiƙar tuni kafin zaman kasafin.