Google Patents: na shafe watanni ina tono a ciki, ga abun da na gani

Jama'a yau dai bari in yi muku bitar wani shafi da na daɗe ina son yin magana a kansa, wato Google Patents, rumbun da ake neman takardun haƙƙin ƙirƙira, irin takardar nan da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu don kada wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izininsa ba. Kamfanin Google ya buɗe shi a watan Disamba na 2006, kyauta ne, ba sai ka buɗe akawun ba, kuma yanzun ya tattaro takardu daga ofisoshi sama da 100, na Amurka da na Turai da Sin da Japan da Koriya da sauransu. Ni abun da ya kai ni ciki shine karatun da nake yi a kan roba mai ƙarfi, irin wadda ake haɗa ta da zare, amma da yake inda ka nufa daban inda ƙafa ta kai ka daban, sai na tsinci kaina ina karanta takardun injinan bincike na intanet har tsakar dare. Toh duka biyun zan taɓo.

Farkon abun da na buga shine lambar takardar PageRank, dabarar da injin binciken Google ya fara jera shafuka da ita, wato US 6,285,999, saboda na daɗe ina jin labarinta amma ban taɓa ganinta da idona ba. Nan take ta fito. Sunan wanda ya ƙirƙira Lawrence Page, amma mai mallakar takardar ba Google bane, Jami'ar Stanford ce, don a lokacin yana ɗalibi a can. An shigar da ita a Janairun 1998, aka amince a ranar 4 ga Satumba 2001. Jami'ar ta bai wa Google lasisin amfani da ita, aka biya ta da hannun jari miliyan 1.8, wanda ta sayar a 2005 kan dala miliyan 336. Amma wallahi ba kuɗin ne ya tsayar dani ba, zanen da ke ciki ne. Shafuka uku kacal aka zana, A da B da C, da kibiyoyi a tsakaninsu, A na nuna B da C, B na nuna C, ita kuma C ta koma ta nuna A. Sai aka rubuta makin kowa: A na da 0.4, B na da 0.2, C na da 0.4. Na ɗauko biro da takarda na gwada da kaina, A ta raba makinta biyu ta bai wa B rabi ta bai wa C rabi, B ta miƙa nata duka ga C, kaga C ta samu 0.2 da 0.2 kenan, ta mayar wa A duka, lissafi ya rufe cif. Dabarar kenan gaba ɗaya: darajar shafi tana zuwa ne daga darajar waɗanda suka yi nuni gare shi, ba daga yawan maimaita kalma a cikinsa ba. Sauran shine ƙarin da aka yi na cewa mai yawo a intanet wani lokacin yakan gaji da bin mahaɗai ya tsallaka wani shafi kai tsaye, don kada maki ya maƙale a lungu ɗaya. Abun da na karanta a rubuce-rubuce da dama ban gane sosai ba, zane ɗaya ya warware mun shi cikin minti goma.

Kuma anan ne shafin yafi burge ni. Idan ka gangara ƙasan kowace takarda zaka ga jeri biyu, takardun da ita ta ambata da kuma waɗanda suka zo daga baya suka ambace ta, kowanne ka taɓa ya buɗe. A nan ne na ci karo da US 5,920,859 ta Robin Li, wadda aka amince da ita a 1999, shima dabararsa ta dogara ne da mahaɗan da ke nuni ga shafi da kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗin, kuma wannan mutumin shine ya zo ya kafa injin binciken intanet na Baidu a ƙasar Sin a shekarar 2000. Kaga mutum biyu suna tunani a kan matsala ɗaya kusan lokaci ɗaya, kuma takardar Page ta ambaci ta Li ɗin ƙarara. Irin wannan sarƙar ba zaka same ta a labarin jarida ba, sai dai a nan, kana bi kana ganin waye ya gina a kan aikin wa.

Yanzu in dawo kan abun da ya kawo ni, don a nan ne na sha wuya kafin in gane hanya. Ga wanda bai sani ba, haɗaɗɗiyar roba ita ce kamar siminti da rodi: ita robar ko danƙon da ake zubawa tana riƙe komai wuri ɗaya tana rarraba nauyi, shi kuma zaren da ke ciki, na gilashi ne ko na kabon ko na tsiro, shi ke ɗaukar ja. Kowannensu shi kaɗai ba zai yi aikin ba. Da irinta ake yin fukafukan injinan wutar iska, da jikin kwalekwale, kuma jirgin Boeing 787 kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗin ne. Toh na zo da zumuɗina na buga Kevlar, zaren nan mai ƙarfi da ake rigar sulke da shi, ina jiran takardar asali ta fito a sama, sai ga dubban takardu na masu yin safar hannu da taya da rigar sulke da igiya, duk wanda ya ambaci sunan a cikin bayaninsa ya fito, amma ta asalin shiru. Dalili kuwa mai sauƙi ne, Kevlar sunan kasuwa ne, ita kuma takardar ƙirƙira da sunan kimiyya ake rubuta ta. Sai da na nema da sunan Stephanie Kwolek, matar da ta gano sinadarin a kamfanin DuPont a 1965, sannan na samu US 3,819,587 ta shekarar 1974, kuma a kan takardar babu kalmar Kevlar ko kaɗan, dogon suna ne da ke bayanin irin zaren da yadda ƙwayoyinsa suka jeru suka fuskanci gefe ɗaya da kusurwar da bata kai digiri 45 ba. Wannan jeruwar ita ce sirrin ƙarfin, shi yasa idan aka auna nauyi da nauyi zaren yafi ƙarfe ƙarfi kusan sau biyar. Haka na sake gani da Bakelite, wata tsohuwar roba mai tauri, takardar Leo Baekeland mai lamba US 942,699 ta Disamban 1909, ita ma sunanta hanyar haɗa finol da fomaldihaid ne kawai. Kuma abun sha'awa tun wancan zamanin ana cakuɗa wannan robar da garin katako don ta rage saurin fashewa, kenan haɗa roba da kayan tsiro da muke gani kamar sabon abu ya haura shekara 100.

Daga nan na koyi abun da nake ganin duk mai shiga shafin nan ya kamata ya sani tun ranar farko: kar ka dogara da kalma, ka nemi lambar rukuni. Kowace takarda ana lika mata lambobin rukuni na tsarin CPC, wanda ofishin Turai da na Amurka suka haɗu suka fara aiki da shi a 2013. Harkar neman bayanai a kwamfuta tana ƙarƙashin G06F16, idan ta intanet ce ka matsa zuwa G06F16/95. Ƙarfafa roba da zare kuma C08J5/04, sarrafa ta zuwa siffa B29C70, kayan da ake jerawa bene-bene B32B. Idan ka saka lambar a akwatin bincike ka ƙara kalma ɗaya ko biyu, ka iyakance shekaru, tarin da ya kai dubbai sai ya dawo abun da zaka iya karantawa a zama biyu ko uku. Kuma shafin ya kyauta anan, don yana nuna maka lambobin a saman kowace takarda da bayanin kowacce, saboda haka ka samu takarda ɗaya da ta dace da buƙatarka, ka kwashi lambobinta, ka koma ka sake nema da su. Shikenan.

Wani abun da na so sosai shine yadda aka shimfiɗa shafin a kwamfuta, bayani a hagu, da'awowi a dama, kana iya kallon duka biyun a tare. Su da'awowin nan su ne zuciyar takardar, jerin jimloli ne masu lamba da ke fayyace iyakar abun da doka ta kare, duk sauran shafukan bayani ne kawai. Akwai ranar da na karanta taƙaitaccen bayanin wata takarda a kan haɗa roba da zaren tsiro, gabana ya faɗi, nace ai an riga an rufe duk hanyar da nake tunani, na kwana da abun a raina. Da safe na koma na karanta da'awa ta ɗaya a tsanake, ashe ta taƙaita ne ga wani nau'in roba guda, da wani kaso na zare, da wani sinadari da ake wanke zaren da shi kafin a haɗa. Abun da nake yi ko kusa bai shiga ciki ba. Sannan da na duba harafin da ke ƙarshen lambar sai naga A1 ce, wato buƙata ce da aka wallafa, ba a kai ga amincewa ba tukuna, waɗanda aka amince da su a Amurka daga 2001 zuwa yau B1 ko B2 zaka gani. Don Allah ku riƙa duba wannan, mutane da yawa suna yaɗa cewa kamfani kaza ya mallaki abu kaza alhali nema kawai ya shigar.

Ga masu aikin ɗakin gwaji kuma, ɓangaren misalai da ke cikin takardun roba taska ne. Doka ta wajabta wa mai nema ya yi bayanin da wanda ya san sana'ar zai iya bi ya maimaita, shi yasa zaka ga an rubuta kason kowane sinadari, da zafin da aka gasa, da tsawon lokaci, da sakamakon gwajin ja da na lanƙwasa, har da gwajin da bai yi kyau ba don a kwatanta. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da al'umma, kai ka bayyana sirrinka, mu mu kare ka na shekara 20 daga ranar da ka shigar, bayan nan ya zama na kowa. Takardun PageRank ma zuwa 2019 duk wa'adinsu ya ƙare, na Kwolek da Baekeland kuwa tun tuni. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa wannan ilimin yana nan a buɗe kuma ɗalibai da yawa basu ma san da shi ba, abun yana damuna ƙwarai.

Akwai iyakoki da ya kamata mutum ya shiga da saninsu. Takardun Sin da Japan da Koriya, waɗanda suke da yawa sosai a fannin roba, inji ne ke fassara su zuwa Turanci, yana wadatarwa ka gane inda aka dosa, amma sunan sinadari ko adadi idan zaka yi aiki da shi a hannu toh ka sauke takardar asali ka tabbatar. Tsofaffin takardu kuma hotonsu aka ɗauka inji ya karanto rubutun, saboda haka harafi yakan sauya, gara ka karanta hoton kansa. Sai batun ko takarda tana raye ko ta mutu, shafin yana nuna hasashensa, kuma shi da kansa ya rubuta cewa wannan ba hukuncin shari'a bane. Takarda na iya mutuwa tun kafin shekara 20 idan mai ita bai biya kuɗin sabuntawa ba, a Amurka ana biya ne a shekara uku da rabi, da bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi. Kuma kariyar ƙasa-ƙasa ce, wadda aka bayar a Amurka bata aiki a Jamus sai in an nema a can ma. Ga kuma watanni 18 da ake ɗauka kafin a wallafa sabuwar buƙata, wanda wannan tsarin doka ne, babu rumbun da zai nuna maka abun da ba a fitar ba. Kenan rashin ganin abu a bincike baya nufin babu wanda ya riga ka.

Shi yasa nake haɗa shi da Espacenet na ofishin Turai, wanda yake nan tun 1998, idan ina son in ga dangin takarda, wato duk ƙasashen da aka shigar da ƙirƙira ɗaya da halin da kowacce take ciki, sai kuma Patentscope na WIPO, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta duniya da ke Janiba, don buƙatun ƙasa da ƙasa. Amma wajen sauri da sauƙin karatu da bin sarƙar ambato, Google Patents nake fara buɗewa kullum, kuma akwai wani ɗan akwati da zaka taɓa ya haɗo maka da maƙalolin Google Scholar a bincike ɗaya, wanda yana da amfani sosai a fannin neman bayanai don dabaru da dama a maƙala aka fara fitar da su kafin takardar ƙirƙira.

In maki zan bayar, huɗu da rabi cikin biyar ga ɗalibi da mai bincike da mai son sani kawai. Wanda kuma zai zuba jari ya fara ƙera kaya ya sayar, ya yi binciken farko anan amma ya kai wa lauyan da ya san fannin ya duba masa kafin ya saka hannu. Wanda zai gwada yau ya fara da 6,285,999 ɗin nan, ya buɗe zane na biyu, ya ɗauko biro ya bi kibiyoyin da kansa. Ni yanzun ina cikin B29C70 ne, ina bin takardun da ke magana a kan yadda za'a raba zaren gilashi da danƙon da ya riga ya daskare a tsofaffin fukafukan injin iska, don shi irin wannan danƙon baya narkewa idan an sake dumama shi, kuma na tara guda goma sha biyu da zan karanta da'awowinsu a satin nan.