Kwafin Zanen Faɗuwar Rana a Kwarin Yosemite: Haske Ya Fito, Inuwa Ta Cushe

Wata uku ke nan da na rataya kwafin zanen Albert Bierstadt na faɗuwar rana a kwarin Yosemite, wanda aka buga a kan ƙyallen kanbas aka ɗaure a firam ɗin katako. Bierstadt, haifaffen Jamus a 1830 wanda ya tashi a Amurka, ya fara taka ƙafarsa a wannan kwari na jihar Kalifoniya a 1863, sannan ya zana hoton da fentin mai a 1868. Na asalin yana gidan tarihi na Haggin da ke birnin Stockton.

Ran wannan zane shi ne haske, kuma a nan masu bugawa sun cancanci yabo. Rana ta faɗa tsakanin manyan duwatsu biyu, sararin sama ya tashi daga fari mai kashe ido zuwa rawaya, daga rawaya zuwa ruwan zinare, har ya ƙare da ja mai duhu a gefen gajimare, ba tare da an ga layin da ya raba launi da launi ba. Kwafi marasa inganci a nan suke tona asirin kansu, domin sama takan fito musu zara-zara kamar an jera ƙyallaye. Fuskar dutsen El Capitan, wanda tsayinsa ya kai kusan mita 900, ta ɗauki hasken yamma yadda ya kamata, haka ma ruwan kogin Merced da ke ƙasa.

Matsalar tana cikin inuwa. Mai zanen ya sa duhu a gaban hoton don hasken nesa ya ƙara ƙarfi, amma duhun nasa yana da bishiyoyi da ciyayi a ciki. A wannan kwafi tawada ta yi yawa, sai wurin ya zama baƙi ƙirin, kuma duk yadda mutum ya matso ba zai iya raba reshe da dutse ba. Ƙyallin da aka shafa a saman ƙyallen ya ƙara dagula lamarin, don idan fitila ta fuskance shi da dare, hasken fitilar ake gani maimakon kwarin. Sai da na sauya masa bango sau biyu kafin na dace.

Wanda yake tsammanin jin tudun fenti da sawun burushi a ƙarƙashin yatsa ya cire rai, domin inji ne ya fesa tawadar kuma fuskar a shafe take. An kuma naɗe gefen hoton a jikin katako, abin da ya cinye ɗan yanki na duwatsun hagu, ko da yake firam ɗin kansa bai karkace ba.

Ya fi kyau a kalle shi daga nisan taku huɗu ko biyar, a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, saboda hasken rana yana koɗar da tawada a hankali.