Squid Game da gasar da aka yi da sunansa: na kalli duka biyun

Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu, zan tona ƙarshen labarin duka biyun.

Na sabunta kuɗin Netflix na wata guda ne musamman don in kalli Squid Game: The Challenge, gasar talabijin ta mutane na gaske da aka kwaikwayo daga fim ɗin Squid Game, wadda aka fara sakawa ran 22 ga Nuwamba, 2023. Kafin in taɓa ta sai na koma kan asalin fim ɗin na 2021, labarin Koriya ta Kudu inda mutanen da bashi ya yi wa katutu ke buga wasannin yara don cin kuɗi, wanda ya faɗi a kashe shi, kashi tara ɗin nan na zangon farko, don kada in yi hukunci da tsohon tunani. Ni da ƙanena muka zauna, kwamfuta a kan tabarma, dare bayan dare. Shi gasar ta fi burge shi. Ni kuma har yau akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro game da ita.

A ido, masu gasar sun yi aiki. Mutum 456 cif, kamar a fim. Koren kayan nan masu lamba a ƙirji, gadaje bisa gadaje har kusa da rufi, masu gadi da fuska a rufe, ƙatuwar 'yar tsanar da ke juyo da kai don ta kama duk wanda ya motsa a wasan farko, da asusun nan mai siffar alade da ke rataye sama ana zuba masa kuɗi. A fim ladan won biliyan 45.6 ne na Koriya ta Kudu, a gasar kuwa dala miliyan 4.56, duk wanda ya fita a ƙara dala 10,000. A Ingila aka ɗauka. Wasan farko an yi shi ne a wani makeken ɗakin ajiye jiragen sama a Cardington cikin Janairun 2023, tsakiyar hunturu, kuma daga baya wasu 'yan gasar sun fito suna kukan an bar su a ƙame cikin sanyi fiye da yadda aka nuna mana. Netflix ta amsa cewa mutum uku sun ga ma'aikatan lafiya.

To, amma me ya sa fim ɗin ya kama mutane tun farko? Ba jinin ba ne. Bashi ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Hwang Dong-hyuk, wanda ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, a kan wannan hanjin ya ɗora komai. Kashin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na biyu, wanda babu wasa ko ɗaya a cikinsa. Bayan an harbe mutum 255 a wasan farko, sauran 201 suka kaɗa ƙuri'a, 101 suka rinjayi 100, aka sallami kowa ya koma gida. Sai muka bi su gidan. Gi-hun, jarumin fim ɗin, ya tarar ciwon suga ya ci ƙafar mahaifiyarsa, ana bukatar aiki, ga shi shi da kansa ya soke inshorarta ya cinye kuɗin. Ali, ɗan ci-rani daga Pakistan, maigidansa ya riƙe masa albashin wata shida. Sang-woo, abokin Gi-hun tun yarinta, 'yan sanda na nemansa, ya jinginar har da shagon uwarsa ba ta sani ba. Da aka sake miƙo musu katin gayyata, 187 suka koma da ƙafarsu, sun kuma san abin da ke jiransu. Nan ne zuciyar labarin take: wajen ya fi cikin zafi.

Gasar ba ta da waje. Kowa zai zauna gaban kyamara ya ce yana son kuɗin don ya biya bashin gida ko ya kula da iyali, kuma ban ƙaryata kowa ba, wasunsu da gaske suke. Amma faɗi daban, gani daban. Wanda ya fita, wata 'yar jakar tawada ce za ta fashe a ƙirjinsa, baƙi ya ɓata rigar, ya zube ƙasa kamar gawa. Karo na farko da muka gani ƙanena ya tuntsire da dariya. "Yaya, wannan fa an jima zai tashi ya ci abinci," in ji shi. Gaskiya ya faɗa. Ni kuma abin da ya dame ni shi ne an ɗauki hoton da aka ƙirƙira don ya tayar mana da hankali, an mai da shi kwalliya.

Duk da haka ba zan zalunci gasar ba, akwai inda ta taɓa ni. An ce wa 'yan gasar kowa ya zaɓi abokin zama, za a ba su kwandon abinci su ɗan shaƙata. Kowa ya kama wanda ya fi so. Suna cikin ci sai ga ƙananan ƙwallayen gilashi a ƙasan kwandon, ma'ana wanda kake zaune da shi, shi za ka kora ko ya kore ka. Cikinsu har da uwa da ɗanta, lamba 302 da 301. Yadda uwar ta dage ta yi wasan tsakaninta da Allah, ba ta sakar masa ba, shi ma bai sakar mata ba, sannan da ta faɗi suka rungume juna, wannan hawayen ba na aro ba ne. Ƙanena ma shiru ya yi.

Sai dai ka ɗora shi kusa da na fim ka gani. Ali ya daɗe yana kiran Sang-woo da kalmar girmamawa irin ta yaro da ubangidansa, har Sang-woo ya ce ya bari, ya riƙa kiransa da kalmar da a Koriyanci take nufin yaya. Da wannan bakin ya yaudare shi, ya cika masa jaka da tsakuwa ya rataya masa a wuya, ya tafi da ƙwallayen. Ali na yawo a lungu yana kiran yayansa, ya buɗe jaka ya ga duwatsu. Na kalli wurin nan sau biyu tsakanin shekaru, duka biyun sai da na dakatar da fim ɗin na tashi na sha ruwa. Uwa da ɗan can za su haɗu a gida. Ali ya bar mata da jariri.

Sauye-sauyen da aka yi, wasu sun yi kyau wasu ba su yi ba. An cire jan igiya aka sa wasan nutsar da jiragen ruwa, wanda rabinsa sa'a ce, ya kuma ja lokaci. Wasan alawar da ake ɓantare siffa da allura ya zauna daram, musamman rigimar wa zai ɗauki siffar laima, wadda ta fi wuyar ɓantarewa. Abin da ya fi yawa kuwa shi ne gwaje-gwajen cikin ɗakin kwana, a ba mutum dama ya nuna wani a kore shi, ko a yi ƙuri'a. Nan gasar ta koma irin sauran shirye-shiryen gasa na talabijin, ƙulle-ƙulle da gulma da ɓangaranci. A ƙarshe, ran 6 ga Disamba, Mai Whelan, lamba 287, mace mai shekara 55 haifaffiyar Vietnam, ta lashe kuɗin da wasan hannu na dutse, takarda da almakashi. Na yi mata murna, don ta fi kowa iya karanta mutane.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan. A fim akwai wasu attajirai masu rufe fuska da zinariya, suna kishingiɗe suna caca a kan 'yan wasan kamar dawakin sukuwa, kuma an gina labarin ne don ka tsane su, ka kuma tsargu da kanka da kake kallo. A gasar babu su, ba a bukatarsu. Wajen kashi na bakwai na ji bakina yana ce wa ƙanena, "Wallahi 287 ce za ta ci, mu sa wani abu." Ina rufe baki na tuna kujerar wa nake kai, kuma shirin bai taɓa nufin in tuna ba.

In kuɗin datarka na ɗaya ne kawai, kalli fim ɗin, da muryoyin Koriyanci da fassara a rubuce a ƙasa, don muryar da aka ɗora ta Turanci tana kashe wurare irin na Ali. Akwai zubar da jini sosai da wuraren da ba su dace da yara ba, a kula. Zangon gasar na 2023 kashi goma ne, ya fi sauƙin kallo da jama'a, kuma kashin ƙwallayen gilashin ya cancanci lokacinka. Fim ɗin na ba shi tara cikin goma, gasar biyar. Ƙanena ya ce bakwai, har yanzu ba mu daidaita ba.