Kibiyoyin Target na Luke Littler: sai hannu ya zauna tukuna

Tun daga Janairun 2024, lokacin da Luke Littler, ɗan shekara 16 daga garin Warrington na Ingila, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta jifan kibiya (darts, wasan da ake jifan allo mai lambobi da ƙananan kibiyoyi da hannu) a Alexandra Palace da ke Landan, kibiyoyin da kamfanin Target ya ƙera da sunansa suka zama abin nema. A daren Luke Humphries ya doke shi da ci 7 da 4. Da shekara ta zagayo ya lallasa Michael van Gerwen 7 da 3, ya ɗau kofin yana da shekara 17. To, kayan aikin nasa sun cancanci kuɗinsu?

Samfurin farko, G1, ana samunsa a giram 22, 23 da 24, shi kuwa da 23 aka san shi. Kashi 90 cikin 100 na mariƙin ƙarfen tangstin ne, kuma nan ne kuɗin yake tafiya. Tangstin ya ninka tagulla nauyi kusan sau biyu, don haka kibiya takan yi siriri ba tare da ta rasa nauyinta ba. Gurbin allon da ke ninka maki 20 sau uku faɗinsa wajen milimita 8 ne kacal, kuma sai kibiyoyi uku sun cunkushe a ciki kafin a samu maki 180, mafi yawan da kibiyoyi uku ke iya kawowa. Masu kaurin tagulla sai su dinga ture juna.

Mariƙin miƙaƙƙe ne, da ƙananan zane masu kama yatsa. Mai gumin hannu zai ji daɗinsa ƙwarai. Amma wanda ke matse kibiya da ƙarfi zai ga tana maƙalewa a babban yatsa lokacin saki, ta karkata ƙasa, ko ta faɗa gidan 1 ko 5 da ke gefen 20. Gyaran a hannu yake: yatsu uku, riƙon sako-sako, gwiwar hannu a tsaye.

Tsinin irin Swiss Point ne, wanda ake kwancewa da ɗan mabuɗi cikin daƙiƙu, ba sai an nemi injin cire tsini ba. Wannan ya burge mu. Sai dai a riƙa duba ɗaurinsa kafin wasa, domin tsinin da ya saki shi ne ke karyewa idan kibiya ta faɗo kan siminti. A shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa. Idan bakin ya yi ƙaya, a goga shi a dutsen washi ya ɗan zagaye, kada a mai da shi kamar allura, don yana yage zaren allon.

Ta baya kuma, mai son irin shirin Littler sai ya ɗaura K-Flex, wato kara da fiffike a haɗe, wanda ba ya zubewa kuma yana riƙe siffarsa. Aibinsa ɗaya: in ya tsage, duka za a sauya, kuma ya fi fiffiken leda tsada nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai wuce wata uku da farawa ba, shawararmu ya dakata. Ya fara sayen allon zaren sisal mai kyau, ya kafa tsakiyarsa a mita 1.73 daga ƙasa, ya ja layin tsayawa a mita 2.37, ya riƙa juya allon duk mako don kada gidan 20 ya rarake. Wanda jifansa ya riga ya daidaita, kuma yake son miƙaƙƙen mariƙi mai kama hannu, ya gwada giram 23 da 24 a hannu kafin ya biya.