Memori na ta cika a sabar Python: wane kayan aiki ya dace ka ɗauka?

Manhajarka ta Django ko Flask ta tashi da safe lafiya lau, kafin la'asar ta cinye RAM kaf, Linux ya kashe ta, Docker ya nuna maka lamba 137. Abin da ke fara zuwa a rai shi ne a ƙara kuɗi a kama babbar saba. Kada ka yi garaje. Rumbun da ake ta zuba masa hatsi ba a ɗiba zai cika ko da an faɗaɗa shi, sai dai ya ɗan jima.

Kafin ka zaɓi komai, tantance tambayarka. Shin kana neman layin da ya ware memorin ne, ko abin da ya riƙe shi ya hana a share? Python na share abu ne da zarar babu mai nuni gare shi, don haka yawanci akwai wani riƙo da ka manta da shi.

Ga tambaya ta farko, fara da tracemalloc. Yana cikin Python tun 3.4, ba ka biyan ko sisi. Ka ɗauki hoton memori, ka turo wa sabar buƙatu masu yawa, ka sake ɗauka, ka kwatanta da compare_to. Zai ba ka sunan fayil da lambar layi. Yana rage gudu, kuma abin da wasu laburaren C suka ware a gefe kan kuɓuce masa.

Ga ta biyu kuwa, objgraph ne ya fi burge ni. show_growth zai gaya maka irin abubuwan da ke ƙaruwa, show_backrefs kuma ya zana maka sarƙar masu riƙo, muddin ka saka Graphviz, manhajar da ke yin zanen. Na taɓa shafe kwana biyu ina zargin rumbun bayanai, ashe lru_cache ne, mai adana sakamakon kira don kada a maimaita aiki, da na ɗora a kan wani aikin (method) cikin ajin Python (class). Duk kiran da aka yi, sai ya adana self, wato abin da aka kira aikin a kansa, tare da duk kayan da ke rataye da shi. Zanen farko ya nuna min kibiyar ƙiri-ƙiri, na cire layin, memori ya tsaya cak.

Memray, wanda Bloomberg ta saki kyauta a 2022, ya fi su zurfi, domin yana bin sawun memori har cikin C da C++. Idan kana aiki da pandas, laburaren sarrafa bayanai, ko sarrafa hotuna, shi za ka nema. A Linux da macOS yake aiki, ban da Windows.

Datadog da ire-irensa na kuɗi ne, da dala ake biya. Amfaninsu shi ne sa ido dare da rana a kan sabar da jama'a ke amfani da ita, inda matsalar ba ta bayyana a kwamfutarka. Ga mai saba ɗaya ko biyu, ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi ba tukuna.

Idan kuma masu amfani na ta kuka yanzu-yanzu, saka --max-requests a gunicorn, sabar da ke gudanar da manhajarka, don kowane ma'aikacinta (worker) ya sake tashi bayan wani adadin buƙatu, haɗe da --max-requests-jitter don kada ma'aikatan su sake tashi lokaci guda. Wannan zai ba ka sararin numfashi kana bincike. Ka kuma leƙa saitin Django, domin idan DEBUG na kunne, yana tara tambayoyin SQL a memori.