Windows 365 ko Azure Virtual Desktop: wanne ya dace da ofishin hidimar alhazai?

Ɗan'uwanmu mai kula da kwamfutocin wani ofishin hidimar alhazai a Jidda ya yi tambaya. Ma'aikatansu na dindindin 30 ne, amma daga azumi zuwa bayan aikin Hajji sukan ƙara mutum 90 masu aikin karɓa-karɓa, kashi uku a rana. Wanne zai ɗauka, kuma me ya sauya kwanan nan?

Malam, duka biyun na Microsoft ne, hanyoyi ne na aiki ta intanet da kwamfutar Windows da ke zaune a cibiyar kamfanin, abin da ake kira gajimare. Windows 365, wanda ya fito a Agustan 2021, kamar kama ɗaki ne da kayansa: kowa da kwamfutarsa a gajimare, kuɗin wata a yanke, ko an shiga ko ba a shiga ba, kai kuma kana sarrafa su ta Intune, manhajar Microsoft ta kula da na'urori. Azure Virtual Desktop fili ne aka ba ka, kai za ka yi gini. Kana biyan awannin da inji ya yi a kunne, kuma mutane da yawa na iya hawa inji ɗaya a lokaci guda.

Mutum 30 na dindindin, ka sa su a Windows 365, ka huta. Ka dai kula da abu biyu. In ka cire wa mutum lasisi, kwana 7 ake ɗaga ƙafa, daga nan a goge kwamfutar da duk abin da ke cikinta. Sannan ana iya ƙara girman faifai, amma ba a rage shi.

Maganar tana kan mutum 90 ɗin nan. A ɓangaren Windows 365 akwai lasisin Frontline: guda ɗaya na ba mutum uku kwamfuta, amma ɗaya ne zai kasance a ciki a lokaci guda. Lasisi 30 ke nan ya ishe ka a takarda. Inda ake cin tuntuɓe shi ne lokacin miƙa aiki. Na safe ya tashi sallar La'asar bai fita daga kwamfutarsa ba, na yamma ya zo ya tarar gurbi a cike. An yi ɗan sassauci na wucin gadi don irin wannan, amma kada ka dogara da shi. Ka saita a Intune cewa duk wanda ya bar kwamfuta ba motsi na wasu mintuna, a cire shi.

A ɓangaren Azure Virtual Desktop kuwa, injuna kaɗan za su ɗauke mutum 30 na kowane kashi. Ƙiyasin Microsoft na matsakaicin aiki mutum huɗu ne ga kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato inji samfurin D8s v5 mai ƙwaƙwalwa takwas da ram giga 32 zai ɗauki 32. A ganina kada ka kai can. Masu buɗe shafuka goma na biza da otal a burauza suna cin ram sosai, ka fara da 12 zuwa 16, ka duba awo na mako guda. Bayanan kowane mutum za su zauna a FSLogix, tsarin da ke ajiye su a faifan da ke bin mutum duk injin da ya hau, wanda ke ba da kusan giga 30 in ba ka sauya ba. In ma'ajin ya yi nauyi, ko faifan mutum ya maƙale a wani inji, sai ya shiga ya ga allo fayau kamar sabuwar kwamfuta. Arahar Azure Virtual Desktop tana wurin kashe injuna. Ka saita jadawalin kunnawa da kashewa a agogon Saudiyya, ka tuna hutunmu Juma'a da Asabar ne, ka kuma yi wa azumi nasa jadawalin, tunda aiki kan koma bayan Tarawihi. Kashe inji daga cikin Windows ba ya tsayar da kuɗi, sai an tsayar da shi daga shafin Azure (deallocate), kuma ko an yi haka kuɗin faifai na nan.

Sauye-sauyen baya-bayan nan sun fi taɓa mai Azure Virtual Desktop. Tsohon tsarinsa da ake kira classic zai daina aiki ranar 30 ga Satumban 2026. Haka kuma Microsoft na janye hanyar fita intanet da injuna ke samu kai tsaye, don haka in za ka gina sabuwar hanyar sadarwa ka haɗa mata NAT Gateway, wato ƙofar da injuna za su bi su fita intanet, in ba haka ba injunan su kasa yin rajista, ka rasa dalili. Wanda ya bar Windows 365 a kan hanyar sadarwar Microsoft wannan bai dame shi ba.

Abin da ya shafi kowa shi ne manhajar shiga. Remote Desktop ta Microsoft Store ta daina samun tallafi ranar 27 ga Mayun 2025, Windows App ce ta maye gurbinta. Windows 10 ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai injunan da ke kan waɗannan tsare-tsaren biyu suna samun ƙarin sabuntawar tsaro ba tare da an biya ba.

Kafin ka sa hannu a ko wanne, ka auna jinkirin layi daga ofishinku zuwa cibiyar Microsoft da za ka zaɓa injunan su zauna, misali ta Dubai. Ƙasa da milisakan 150 aiki na tafiya, ya haura 200 kuwa rubutu zai riƙa bin yatsa a baya. Ka buɗe ƙofar UDP 3478 a katangar tsaro don RDP Shortpath, gajeriyar hanyar haɗi da ke rage jinkiri, ya yi aiki. Sannan hotunan fasfo na alhazai bayanan sirri ne, kuma dokar kare bayanai ta Saudiyya da hukumar SDAIA ke kula da ita ta fara aiki gadan-gadan tun 14 ga Satumban 2024, da sharuɗɗa kan fitar da su waje. Ka zauna da lauyan kamfani kafin zaɓen cibiya.

In kai kaɗai ne a sashen, Frontline za ka ɗauka wa na wucin gadi. In kana da abokin aiki da zai iya tashi ƙarfe uku na dare a Zulhajji ya duba FSLogix, Azure Virtual Desktop zai iya rage muku kuɗi, musamman watannin da ofis ya yi shiru bayan alhazai sun koma gida.