Faifan Brahms na Carlos Kleiber

Na sayi wannan faifai a hannun wani mai sayar da tsofaffin kaya a Nima, nan Accra, kwalinsa ya koɗe amma cikinsa babu ƙarzuwa. Simfoni (wato dogon kiɗa mai kashi-kashi na babbar ƙungiyar makaɗa) na huɗu ne na Bajamushe mai tsara kiɗa, Johannes Brahms, wanda aka fara kaɗawa a Meiningen ta Jamus a 1885. Carlos Kleiber ne ya jagoranci makaɗan Vienna Philharmonic, kamfanin Deutsche Grammophon ya naɗe shi a 1980.

Kleiber ba ya jan kiɗa don neman burgewa. Tun a kashin farko masu goge ke shigowa a hankali kamar mai numfashi, amma hazaƙarsa ta fi bayyana a kashi na huɗu, inda ake juya jigo guda sau talatin, kowane juyi da kamarsa. A tsakiya sarewa takan rage kusan ita kaɗai tana kuka, kuma duk wanda kunnensa ya saba da busar makiyaya zai ji ta har cikin ransa.

Aibinsa ɗaya ne: sautin gogen yana da ɗan kaifi a ƙananan lasifika, don haka da daddare nake saurarensa, bayan hayaniyar titi ta lafa.